Filin mota da direba: In ralanti ya rikice, a auna kafin a saya

Akwai ciwon da kan kama tsohuwar mota wanda ba ya nuna kansa bisa doguwar hanya. Mota sai ta taso daga Maraɗi ta isa Ƙonni lafiya lau, amma da an shigo gari an ɗauke ƙafa daga totur a mararrabar farko, sai inji ya kama kakkarwa, ko ya riƙa hawa da sauka kamar numfashin wanda ya sha gudu, ko kuwa ya mutu murus a tsakiyar ƴan kabu-kabu da amalanke. Wannan juyin da inji ke yi shi kaɗai in mota tana tsaye, shi ne makanikai ke kira ralanti, kuma rikicewarsa tana cikin abubuwan da suka fi cinye kuɗɗin masu tsofaffin motoci a banza.

Al'amarin ya wuce jin kunyar tura mota a gaban jama'a. In inji ya mutu mota tana gangarawa, sitiyari mai taimakon mai yakan yi nauyi nan take, birki kuma bayan taka ɗaya ko biyu sai ya sandare, domin ƙarfin da ke taimakonsa daga zuƙar iskar inji yake fitowa. In kuwa ralanti sama ya yi, mota tana shan isansi ke nan a tsaye, ma'aikaci ya ga albashi bai kai ƙarshen wata ba, ɗan kasuwa ya ga riba tana fita ta salansa.

Abin da aka saba yi a gareji da yawa sananne ne. A canza buji, in bai yi ba a canza famfon isansi, in bai yi ba a sayo wani ma'auni a kasuwar tsofaffin kayan mota, daga ƙarshe a ce ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone. Jikkuna su yi ta fita, ciwo yana nan inda yake, an bar jaki ana dukan taiki. Alhali kuwa mafi yawan waɗannan matsaloli ana iya gano su da ido, da kunne, da guntuwar waya, da ƴar mitar auna lantarki, muddin an bi su daki-daki.

Daga karbirato zuwa ƙwaƙwalwa

A zamanin Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, gyaran ralanti aikin sukurdireba ne. Karbirato yana da ƙusoshi biyu, ɗaya ta saurin inji, ɗaya ta haɗin iska da isansi, gwanin makaniki ya murɗa su yana saurare har inji ya kwanta. Daga farkon shekarar 1993 dokar hayaƙi ta ƙasashen Turai ta tilasta wa sababbin motocin isansi ɗaukar matatar hayaƙi a cikin salansa, wannan kuwa ya kawo ƙarshen karbirato a can. Motocin da suka biyo baya, waɗanda suka yi ta shigowa Nijar ta tashoshin ruwa na Kotonu da Lome bayan sun gama aiki wurin masu su na farko, isansi feso shi ake yi, kuma wata ƴar kwamfuta ce ke lissafin yawan abin da za a fesa. Makanikai suna kiranta kalkilatar, masu mota su ce ƙwaƙwalwa.

Misali mafi sauƙi shi ne Toyota Corolla ta shekarun 1992 zuwa 1997, mai inji 4A-FE na lita 1,6, wadda har yanzu ake gani a Yamai da Damagaram da Tawa. In injinta ya yi zafi, fitilu da kilim suna kashe, ralantinsa yakan zauna tsakanin juyi 700 da 800 a minti. Da sanyin safiya yakan fara sama da 1000, sannan ya sauko a hankali yayin da ruwa ke ɗumi. Wannan hawa na safe lafiya ce.

In direba ya ɗauke ƙafa, faifan da ke buɗe wa iska hanya, watau papiyon, yakan rufe. Iskar ralanti sai ta bi ta wata ƴar ɓarauniyar hanya mai ƙofa, kuma ƙwaƙwalwa ce ke buɗe ƙofar ko ta rage ta. In an kunna kilim ko manyan fitilu, inji ya ɗauki kaya, sai ta ƙara buɗewa don kada ya mutu. To amma ƙwaƙwalwa makauniya ce, a cikin akwati take zaune. Duk abin da ta sani, ƴan rahoto ne suka gaya mata, watau ma'aunai, waɗanda ake kira kaptar ko sondi: na zafin ruwa, na zuƙar iska, na matsayin papiyon, na juyin inji, da na hayaƙi. Tana nan kamar alƙalin da bai ga faɗa ba sai shaidu. In shaida ɗaya ya yi ƙarya, hukunci ya karkace, ko da alƙalin adali ne. Saboda haka aikin mai bincike shi ne ya gano wane shaida ne ya yi ƙarya, ko wace ƙofa ce ta ƙi bin umurni.

Abin da mai mota ya kamata ya lura da shi

Rabin magani yana bakin mai mota. Kafin ya je gareji ya kamata ya san amsar waɗannan tambayoyi: da sanyi abin ke faruwa ko sai inji ya yi zafi? Ralanti sama yake tsayawa, ko ƙasa, ko kuwa hawa da sauka yake yi? Kunna kilim ko taka birki suna canza shi? Fitilar nan mai hoton inji tana kamawa? Kuma wane aiki aka yi wa motar kafin ciwon ya soma? Ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa bayan wankin inji da ruwan famfo mai ƙarfi, ko canjin batir, ko wani gyara da aka manta wani tiyo a tuɓe, daga nan matsalar ta faro.

Akwai kuma dubawar da ta riga kowane ma'auni. Batir mai lafiya yana nuna volt 12 da rabi in inji yana kashe, ya haura tsakanin 13,5 da 14,5 in yana aiki. Kan batir da wayoyin da aka ɗaure a jikin inji da jikin mota su zama tsaf babu tsatsa, domin waya guda mai sako-sako tana iya gurɓata rahoton ma'aunai duka. A duba buji da wayoyinsu da murfin delko. Injin da silinda ɗaya ba ta ƙona mai da kyau zai yi kakkarwa a tsaye ko da dukkan ma'aunansa sababbi ne. Haka nan isansin kwalba na ƴan ruwa-ruwa, in ya zo da datti ko ruwa, yakan toshe matatar mai da bakin mafesa.

Iska ta farko

Mafi yawan rikicin ralanti a ƙasar Sahel daga hanyar iska yake. Ƙurar hunturu takan wuce tsohuwar matatar iska, ta haɗu da tururin baƙin mai, su zama wani baƙin danƙo a gefen papiyon da cikin ƴar ƙofar ralanti. In ƙofar ta maƙale a rufe, inji ya riƙa mutuwa in an tsaya ko in an kunna kilim. In ta maƙale a buɗe, ya yi ta ruri ko bayan ya yi zafi. Maganin shi ne a kwance, a wanke da ruwan wankin karbirato, ba tare da an jiƙa ɓangaren lantarki ba, a tabbata ƙofar tana juyawa sumul, a mayar da sabon juwan. A irin ƙofar mai wayoyi uku, mita tana nuna kusan om 20 tsakanin wayar tsakiya da kowace ta gefe. In adadin ya yi daidai kuma ƙofar tana juyawa, babu dalilin sayen wata.

Sai iskar sata. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yakan busar da roba har ta tsage. Duk tiyon da ya tsage bayan papiyon, iska tana shiga ta nan ba da izini ba. A wannan Corolla, da yake ƙarfin zuƙa ake aunawa, ƙwaƙwalwa sai ta ƙara isansi daidai da iskar da ta shigo, ralanti ya tashi. Ga kuma inda abin mamaki yake: an koya mata cewa in ƙafa ba ta kan totur amma inji yana gudu da yawa, mota gangara take yi, sai ta yanke isansi don tattali. Inji ya faɗo, ta mayar da isansi, ya sake tashi, ta sake yankewa. Wannan shi ne asalin hawa da saukan nan da ke sa a tuhumi ƙwaƙwalwa, alhali aikinta take yi daidai, laifin na ɗan tiyo ne da kuɗɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. A motocin da ke auna yawan iska tun daga bakin matata kuwa, irin wannan tsaga takan sa haɗi ya yi ƙarancin mai, inji ya yi ta shaƙewa.

Hanyar gano tsaga ba ta da wuya. A sa guntun tiyo a kunne a bi da ɗaya bakin kusa da mahaɗai, za a ji shiii inda iska ke shiga. Ko a matse tiyo ɗaya bayan ɗaya da filaya mai laushin baki. Wanda aka matse ralanti ya daidaita, a can ɓarakar take. In taka birki ne ke canza ralanti, a duba babban tiyon da ke zuwa tukunyar taimakon birki. Wasu sukan fesa isansi a jikin inji mai zafi don neman tsaga, wannan kuwa wasa da gobara ne.

Akwai wata ƴar ƙusa a jikin papiyon wadda aka ɗiga wa fenti tun daga masana'anta. Wanda ya saba da karbirato hannunsa yakan yi ƙaiƙayi ya murɗa ta. Aikinta kawai ta hana faifan ya cije a bangonsa. In an murɗa ta, ma'aunin matsayin papiyon ya daina shaida cewa an ɗauke ƙafa, ƙwaƙwalwa ta daina kula da ralanti, an ƙara ciwo bisa ciwo. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Zafin ruwa na biyu

Ma'aunin zafin ruwa iri biyu ne a jikin wannan inji. Mai waya ɗaya shi ke motsa allurar da direba ke gani, mai waya biyu shi ke kai wa ƙwaƙwalwa rahoto. Saboda haka allura tana iya nuna daidai alhali ƙwaƙwalwa ƙarya ake gaya mata. Mai waya biyun yana da sauƙin gwaji: a digiri 20 yana nuna om 2000 zuwa 3000, a digiri 80 ya sauko om 200 zuwa 400. Ma'anar ita ce, yawan om sanyi ne, ƙarancinsa zafi. In tsatsa ta kama bakin mahaɗinsa, tsatsar takan ƙara om, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu asuba ce, ta ci gaba da zuba isansi da ɗaga ralanti da tsakar rana. Alamominsa su ne baƙin hayaƙi, buji masu baƙin toka, da tankin da ba ya jimawa.

Wani lokaci ma'aunin gaskiya yake faɗi, injin ne ba ya zafi. Al'ada ce a wurare da yawa, da mota ta iso daga Turai, a cire ƴar ƙofar ruwan nan da ake kira kalorsta, wai an yi ta ne don ƙasar ƙanƙara, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. Ƙofar tana buɗewa a wajen digiri 82, kuma a kan wannan zafi aka gina lissafin ƙwaƙwalwa. Injin da aka hana shi kaiwa nan, musamman da sanyin Disamba da Janairu, yana zama cikin halin safiya na dogon lokaci, yana shan mai, isansin da bai ƙone ba kuma yana wanke baƙin man da ke jikin silinda. Motar da ke zafi fiye da kima, radiyatarta ce ke son wanki, ko fanka, ko famfon ruwa.

Ƙarancin ruwa ma yana rikita ralanti. In iska ta shiga hanyar ruwa, ma'auni wani lokaci yana cikin ruwa, wani lokaci cikin tururi, rahotonsa ya yi ta sauyawa. Kuma akwai ƴan tiyo biyu da ke kai ruwan ɗumi ƙarƙashin papiyon don ƙofar ralanti ta san inji ya yi zafi. Ruwan rijiya mai gishiri yakan toshe su da tsatsa. In inji ya yi zafi amma waɗannan tiyo suna da sanyi a hannu, an sami bakin zare. Sai dai kada a kuskura a buɗe murfin radiyata inji yana da zafi.

Yadda ake sa mota ta yi magana

Toyota na waɗannan shekaru, Corolla da Carina da Starlet, suna iya faɗin ciwonsu ba tare da wata na'ura ba. Ƙarƙashin kapo akwai ɗan akwati mai murfi, a cikin murfin an zana sunan kowane rami. A kashe mota, a kashe kilim, a cire giya, a haɗa ramin TE1 da na E1 da guntuwar waya, sannan a murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, ba tare da an tayar da inji ko an taɓa totur ba. A kula ƙwarai da ramukan, domin akwai mai ɗauke da wutar batir a kusa, kuskure yana iya ƙona wani abu.

Fitila mai hoton inji za ta fara ƙiftawa. In tana yi bai ɗaya ba hutawa, babu abin da aka ajiye. In akwai, sai ta ƙifta lambar farko, ta huta daƙiƙa ɗaya da rabi, ta ƙifta ta biyu. Ƙiftawa biyu, hutu, ƙiftawa biyu, 22 ke nan, watau hanyar ma'aunin zafin ruwa. Lamba 21 ta ma'aunin hayaƙi ce, 24 ta zafin iska, 31 ta ma'aunin zuƙa, 41 ta matsayin papiyon, 42 ta gudun mota, 12 ta juyin inji, 14 ta wutar buji. In 51 ta fito alhali kilim yana kashe, ƙafa kuma ba ta kan totur, alama ce ma'aunin papiyon ba ya shaida rufewa. Bayan gyara, a zare fizibil mai rubutun EFI na daƙiƙa 10 ko fiye don a goge lambobin, a yi ɗan yawo, a sake tambaya.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Lamba tana nuna unguwa ne, gidan sai an nema. Abin da 22 ke nufi shi ne ƙwaƙwalwa ta ga hanyar ta yanke ko ta haɗe. Yana yiwuwa ma'aunin ne, yana yiwuwa waya ce ɓera ya ci ko zafi ya ƙona, ko mahaɗi ne ya saki. Kuma ma'aunin da ke faɗin ƙarya mai kama da gaskiya, kamar mai tsatsar nan da ke cewa digiri 40 alhali ana 85, ba ya tayar da kowace lamba. Tsagar tiyo da maƙalewar ƙofa su ma sau da yawa shiru suke. Shi ya sa mita ke da muhimmanci. Ma'aunin zuƙa da na papiyon suna samun volt 5 daga ƙwaƙwalwa. In babu su a bakin mahaɗi, sabon ma'auni ba zai yi kome ba. Ma'aunin zuƙa mai lafiya yana mayar da wajen volt 3 da rabi in inji yana kashe, ya faɗo ƙasa da 2 a ralanti. Na papiyon kuwa adadinsa ya riƙa hawa sumul yayin da ake buɗewa a hankali, ba tsalle ba yankewa.

Ma'aunin hayaƙi, wanda ake kira sondi lamda, shi ke taimakon ƙwaƙwalwa ta riƙe haɗi a kashi 14,7 na iska bisa kashi 1 na isansi a nauyi. In ya yi zafi, rahotonsa yana kaiwa da komowa da sauri tsakanin volt 0,1 da 0,9. Babban maƙiyinsa isansi mai darma ne, wanda ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayarwa daga farkon 2006, don haka motar da ta iso kafin wannan shekara da wuya nata na asali ya tsira. Amma a bar shi ya zama na ƙarshe a bincike, domin sau da yawa gaskiya yake faɗi game da ɓarnar da wani ya yi.

Motocin isansi da aka sayar a Turai daga 2001, da na Amurka daga 1996, suna da mahaɗi mai ramuka 16 kusa da sitiyari, inda ake sa na'urar karatu da makanikai ke kira baliz. Lambobinsu sun fi tsawo, kamar P0505 ta kula da ralanti da P0115 ta zafin ruwa, kuma na'urar tana nuna zafin da ƙwaƙwalwa ke gani a lokacin, abin da ke sauƙaƙa aiki ƙwarai. Amma ƙa'idar ba ta canza ba, lamba mafarin bincike ce.

Haƙƙin mai bincike

Ƙwaƙwalwa ita ce ta ƙarshe da za a tuhuma, bayan an tabbata wuta tana isa gare ta, wayoyinta lafiya, shaidunta kuma gaskiya suke faɗi. Tana iya lalacewa, musamman in ruwa ya shige ta ko an juya kan batir, amma hakan bai kai yawan yadda ake ɗora mata laifi ba.

Wani ɓangare na laifin kuma yana wuyan masu mota. Da yawa sukan biya kuɗɗin kaya ba gardama, amma in makaniki ya share awa biyu da mita a hannu ya gano tiyo ɗaya, sai su ce ai bai yi kome ba. Wanda ba a biyan tunaninsa dole ya koma cin abinci ta hanyar canza kaya. Mai mota da ke son aljihunsa ya huta, ya yi ciniki a kan bincike tun farko, ya nemi a nuna masa adadin da mita ta ba da kafin a ce wani abu ya mutu, ya sa a canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, ya karɓi tsohon kayansa ya ajiye, ya kuma rubuta kwanan wata da abin da aka yi a ɗan littafi cikin mota. Sau da yawa tsohon ma'aunin masana'anta da aka cire bisa zato ya fi sabon jabu da aka maye gurbinsa da shi, araha kuwa ba ta ado.

Sati mai zuwa filin zai duba motar da ke zafi bisa hanya, da yadda ake wanke radiyata ba tare da an jefar da kalorsta ba.